Inda sabon shiga ke tuntuɓe da import a harshen Clojure

Wani ƙanena da ya shekara biyu yana rubuta Python ya ce zai gwada Clojure, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, saboda ya ji ana yabon harshen. Kwana uku da farawa, wajen sha ɗayan dare, sai ga hoton fuskar kwamfutarsa ya shigo wayata. Layi ɗaya tak ya rubuta:

`(import clojure.string)`

A ƙarƙashinsa kuma ga jan rubutu: `ClassNotFoundException`, wato an nemi aji an rasa. Ya biyo da saƙon murya: "Yaya, don Allah duba min. Wane irin aji kuma? An ce wannan harshen ba ruwansa da aji, fankshin ne zalla. To daga ina aji ya fito?"

Na yi dariya, amma tambayar tana da tushe. Ba yaron nan kaɗai ba ne, kusan duk wanda ya shigo Clojure sai ya ci wannan tuntuɓen a makon farko, kuma dalilin yana cikin tarihin harshen.

Rich Hickey ne ya fitar da Clojure a 2007. Jinin Lisp ne, tsohon harshen nan da John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958, shi ya sa komai nasa ke cikin baka biyu. Salonsa kuwa na fankshin ne: ka ba fankshin bayanai, ya dawo maka da sabon sakamako, ba tare da ya taɓa na asalin ba. Sai dai Hickey bai gina wa harshen gida nasa na kansa ba. Ya ɗora shi a kan injin Java, wanda kamfanin Sun ya fitar a 1995, kuma da gangan ya yi hakan, don mai rubuta Clojure ya samu damar amfani da tarin laburaren da aka shekara goma sha biyu ana tarawa a duniyar Java. A cikin injin Java kuwa komai aji ne, wato class, tubalin da ake gina manhajar Java da shi. Ko fankshin ɗin da ka rubuta a Clojure, idan aka harhaɗa shi, aji yake komawa a ƙarƙashin ƙasa. Ke nan mai koyon Clojure ɗan haya ne a gidan Java, kuma duk ranar da famfo ya fashe, da harshen mai gida za a yi masa bayani.

Wannan zaman haya ne ya haifar da umarni biyu, `require` da `import`, masu kama da juna a ido amma kowanne da aikinsa. Wanda ya taso a Python ko JavaScript kalma ɗaya ya sani, kuma a can ma'anarta a fili take: je ka nemo fayil ɗin nan, ka karanta shi, ka kawo min abin da ke ciki. A Clojure wannan aikin na `require` ne. Shi ne ke zuwa ya lalubo fayil ɗin Clojure, ya loda shi, ya samar da abin da ake kira namespace a harshen, wanda zan riƙa ce wa zaure a nan, tunda wuri ne da sunaye ke zaune tare. `clojure.string` zaure ne, ba aji ba. Da ƙanena ya rubuta `(require '[clojure.string :as str])` da tuni ya yi barci.

To `import` fa, mene ne aikinsa? Ƙarami ne ƙwarai, har mutum ya ji kunyar daren da ya ɓata a kansa. Laƙabi kawai yake bayarwa. Kowane aji a Java yana da cikakken suna mai tsawo, misali `java.time.LocalDate`, kuma kana iya kiran sa da wannan cikakken sunan a ko'ina cikin Clojure ba tare da ka yi `import` ɗin komai ba:

`(java.time.LocalDate/now)`

Wannan zai ba ka kwanan watan yau nan take. Abin da `import` ke yi shi ne ya duba ya tabbatar ajin yana nan, sannan ya rubuta a littafin zaurenka cewa daga yanzu idan an ce `LocalDate`, wancan dogon sunan ake nufi. Shi ke nan. Ba ya sauko da komai daga intanet, ba ya karanta fayil ɗin Clojure, ba ya kawo maka abin da babu shi.

Na saba kwatanta wa yara da adana lamba a waya. Idan ka adana lambar mai gyaran janareto da sunan "Mai Janareto", ba ka kawo shi gidanka ba, ba ka kuma saya masa layi ba. Ka dai huta da haddace lambobi goma sha ɗaya. Kana iya danna lambar gaba ɗaya ka same shi ko da ba ka adana ba. Idan layin babu shi, adanawa ba za ta ƙirƙiro shi ba. Kuma adanawar a wayarka kaɗai take: ka ɗauki wayar matarka ka nemi "Mai Janareto", ba za ka gan shi ba. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ke faruwa ga wanda ya yi `import` a fayil ɗaya, ya koma wani fayil ya rubuta `(Date.)`, aka ce masa `Unable to resolve classname: Date`. Kowane zaure da littafinsa. Mai son ganin littafin da idonsa ya rubuta `(ns-imports *ns*)` ya ga abin da ke ciki.

Zai tarar littafin ba fayau yake ba tun kafin ya rubuta komai. Clojure na zuba wasu sunaye a kowane sabon zaure: ajujuwan ƙunshin `java.lang` (ƙunshi shi ne package, rukunin ajujuwa a Java) irin su `String`, `Math`, `Integer`, `Thread`, da wasu 'yan tsiraru daga waje kamar `BigInteger` da `BigDecimal`. Shi ya sa `(Math/sqrt 16)` ke aiki kai tsaye. Alherin nan kuma yana da nasa sharrin, domin sabon shiga ya ga `Math` ya amsa ba tare da an yi masa komai ba, sai ya ɗauka `ArrayList` ma zai amsa. Ba zai amsa ba, yana `java.util` ne.

Saƙon kuskuren ma ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne nake ganin harshen bai kyauta wa baƙo ba. Idan ka manta `import` ka nemi a ƙera sabon abu, za a ce ba a gane sunan ajin ba, wannan da sauƙi. Amma idan ka rubuta `(LocalDate/now)` ba tare da `import` ba, abin da za ka gani shi ne `No such namespace: LocalDate`. Zaure kuma? Dalili shi ne alamar `/` aiki biyu take yi a Clojure: tana raba zaure da fankshin, kamar `str/join`, tana kuma raba aji da aikin da ke jikinsa. Da mai harhaɗawa ya duba bai ga aji mai wannan suna ba, sai ya koma neman zaure, ya rasa, ya kawo maka ƙarar abin da ya nema a ƙarshe. Yaro ya karanta, ya ce to ai zaure da `require` ake kawo shi, ya rubuta `(require 'java.time.LocalDate)`, a ce masa an nemi fayil mai suna `java/time/LocalDate.clj` ba a samu ba. Daga nan ya shiga intanet neman fayil ɗin da ba a taɓa halitta ba. An gudu ba a tsira ba.

Sai maganar 'yar alamar nan ta sama (`'`), wadda ake sa wa a gaban suna. Ƙaramar aba ce kamar ƙwayar gero, amma ta hana mutane da yawa barci. `require` fankshin ne na yau da kullum, kuma ƙa'idar Lisp ita ce kafin a kira fankshin sai an fara fassara duk abin da aka miƙa masa. Idan ka rubuta `(require clojure.string)` babu alamar, Clojure zai yi ƙoƙarin gano mene ne `clojure.string` tun kafin `require` ya gan shi. Ya ga suna mai ɗigo a tsakiya, a al'adarsa kuwa suna mai ɗigo aji ne, ya je nema, ya rasa, ya sake jefo maka `ClassNotFoundException`. Ka lura da abin takaicin: wannan karon ka zaɓi umarnin da ya dace, amma kuskuren da aka nuna maka shi ne dai wanda aka nuna maka lokacin da ka zaɓi wanda bai dace ba. Alamar ce ke cewa kada a fassara, a miƙa sunan yadda yake. Shi kuwa `import` makaro ne, wato yana karɓar rubutunka ɗanye tun kafin a fassara shi, don haka da alama da babu duk yana karɓa. A cikin `ns` kuma, wato shelar da ake buɗe kowane fayil da ita, ba a sa alamar sam:

`(ns makaranta.lissafi`
`  (:require [clojure.string :as str])`
`  (:import [java.time LocalDate ZoneId]))`

Wanda ya kwafo layin da ya yi masa aiki a REPL, wato dandalin gwaji inda ake rubuta layi a ga sakamako nan take, ya liƙa shi cikin `ns` har da alamar, zai sha dogon saƙo cewa kiran da ya yi wa `ns` bai bi ƙa'ida ba. Tun Clojure 1.9 da ya fito a 2017 ake wannan binciken. Ga ƙa'ida uku ke nan a kan aba ɗaya: a nan dole, a can ganin dama, a wancan haram. Duk ukun suna da hujja idan ka san bambancin fankshin da makaro, amma wa ya san wannan a kwana na uku?

A dubi layin `:import` ɗin da ke sama da kyau. Tsakanin `java.time` da `LocalDate` fili ne, ba ɗigo ba. Na farko sunan ƙunshi ne, duk abin da ya biyo baya sunayen ajujuwan da ke cikinsa ne. Ga tarkon da na fi jin haushinsa a duk wannan babin, don a tsohon Clojure ba ya ko ihu:

`(:import [java.util.Date])`

A ido lafiya lau. Tsohon Clojure ma zai karɓa shiru. Amma abin da ya fahimta shi ne ka ba shi ƙunshi mai suna `java.util.Date`, sannan ka lissafa ajujuwa sifili daga cikinsa, shi kuwa ya cika maka umarni, ya kawo sifili. Sai can ƙasa, layi na arba'in, a ce ba a san `Date` ba. Mutum ya koma sama ya ga sunan ɓaro-ɓaro, ya fara zargin editarsa, ya kashe kwamfuta ya kunna. Ni kaina na taɓa ɓata rabin yini a kan wannan, har na sake sauke Java gaba ɗaya da data mai tsada, alhali ɗigo ɗaya ne ya kamata ya zama fili. Ko dai ka cire bakan ka rubuta `(:import java.util.Date)`, ko ka bar bakan ka raba su: `[java.util Date]`.

Waɗanda suka fito daga Java su ma da nasu guzurin. Sun saba rubuta `java.util.*` su kwashe ƙunshi gaba ɗaya. Clojure ba ya yin haka, zai ɗauki tauraron a matsayin sunan aji ya ce bai same shi ba. Sai ka ambaci kowanne da sunansa. Haka nan ajin da ke zaune cikin wani aji, wanda a Java ake rubuta shi `Map.Entry`: sunansa na gaskiya a wurin injin shi ne `java.util.Map$Entry`, da alamar dala, kuma da wannan sunan Clojure ya san shi. Ko bayan `import`, `Map$Entry` za ka ci gaba da ce masa. Babu kuma `:as` a `import`, ba ka da ikon raɗa wa aji sunan da kake so kamar yadda kake yi wa zaure. Illar wannan tana fitowa ne idan ajujuwa biyu suka yi takwara. Akwai `java.util.Date`, akwai `java.sql.Date`, kuma duk mai aiki da rumbun bayanai sai ya haɗu da su biyun. Ka shigar da na farko, ka zo shigar da na biyu, a ce maka `Date already refers to` wancan. Musa biyu ke nan a waya ɗaya, kuma wayar ba ta yarda da "Musa Tela" da "Musa Direba" ba. Ɗaya ya ci gajeren suna, ɗayan ka riƙa kiran sa da cikakken sunansa.

Wani lokaci kuma `import` ya yi daidai, matsalar tana gaba. Mutum ya shigar da `LocalDate` lafiya, ya rubuta `(LocalDate.)` da ɗigo a ƙarshe, wanda ke nufin a ƙera sabo, sai a ce `No matching ctor found`. Zai koma yana gyaran `import` alhali ba nan gizo ke saƙar ba. Ajujuwan `java.time`, da suka zo da Java 8 a 2014, ba a ƙera su ta wannan hanyar, sai ta `LocalDate/now` ko `LocalDate/of`. Wannan ilimin Java ne, ba na Clojure ba, kuma babu makawa sai ɗan haya ya koyi karanta takardun mai gida. Ladan wahalar yana da daɗi, domin a cikin wannan ƙunshin akwai `java.time.chrono.HijrahDate`, wanda da layi biyu zai ba ka kwanan watan Hijira. Sai dai lissafin Ummul Ƙura na Saudiyya yake bi, don haka kada wani ya kafa hujja da shi a kan sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, ana iya samun bambancin kwana.

Duk abin da na faɗa zuwa nan a kan ajujuwan Java ne. Inda abin ya fi cakuɗewa shi ne ajin da kai da kanka ka ƙera a cikin Clojure, domin a nan ne duniyoyin biyu ke haɗuwa a layi ɗaya. A ce kana da fayil mai wannan:

`(ns kula-dalibai.tsari)`
`(defrecord Dalibi [suna aji])`

`defrecord` ya ƙera maka aji na gaske irin na Java. A cikin wannan zauren kana iya rubuta `(Dalibi. "Ladi" 3)` kai tsaye, don shi `defrecord` ɗin ya riga ya rubuta sunan a littafin zauren. Yanzu ka koma wani fayil kana son amfani da shi. Tunanin farko: ai Clojure ne, bari in yi `require` in ce `tsari/Dalibi`. Ba zai yi ba, domin `Dalibi` ba fankshin ba ne balle a same shi ta wannan ƙofar. Tunani na biyu: tunda aji ne, bari in yi `import`. Shi ma a ce ba a samu ajin ba. Me ya sa? Saboda ajin babu shi a ko'ina a faifan kwamfutarka. Ba ya samuwa sai lokacin da aka loda fayil ɗin da ke ɗauke da `defrecord`, a nan ne ake ƙera shi cikin ƙwaƙwalwar injin, kuma `import` ba ya loda fayil. Layin wayar ne ba a buɗe ba tukuna, kai kuma kana ta adana lamba. Don haka sai an yi biyun, kuma a jere: `require` ya fara loda fayil ɗin, ajin ya samu, sannan `import` ya ba shi laƙabi. Sassan `ns` daga sama zuwa ƙasa ake zartar da su, idan ka sa `:import` a kan `:require` ka koma gidan jiya.

Ko ka yi biyun, akwai sauran ƙaya ɗaya. Sunan zauren `kula-dalibai.tsari` yana da karan ɗori, kamar yadda 'yan Lisp ke son rubuta sunaye. Java kuwa ba ya karɓar karan ɗori a sunan ƙunshi, a wurinsa alamar ɗebewa ce. Sai Clojure ya mayar da shi layin ƙasa a duk inda sunan zai taɓa duniyar Java. Ke nan daidai shi ne:

`(:require [kula-dalibai.tsari :as tsari])`
`(:import [kula_dalibai.tsari Dalibi])`

Layi biyu a jere, wuri ɗaya suke nufi, ɗaya da karan ɗori ɗaya da layin ƙasa. Duk wanda ya gano wannan da kansa ba tare da an faɗa masa ba, a jinjina masa. Dokar ta shafi sunan folda da fayil ma: zauren nan dole ya zauna a `src/kula_dalibai/tsari.clj`. A wannan gaɓar kam saƙon kuskuren ya yi adalci, don yana tunatar da mutum a fili cewa zaure mai karan ɗori fayil ɗinsa da layin ƙasa ake rubuta shi.

Mugun abin da ke tattare da mantuwar `require` shi ne ba ta bayyana nan take. Mai rubuta Clojure yakan bar REPL a kunne tun safe har dare. Idan da safe ka loda fayil ɗin `tsari` don wani gwaji, ajin `Dalibi` yana nan cikin ƙwaƙwalwa, `import` shi kaɗai zai same shi, komai ya tafi daidai. Ka kashe kwamfuta, gobe ka kunna, ko ka tura wa abokin aikinka, sai abin ya rushe a layin da ba ka taɓa ba. Daga nan ake fara rantse-rantsen "wallahi jiya yana aiki". Ɗan'uwan wannan shi ne idan ka gyara `defrecord` ka sake loda shi a REPL ɗin da ke kunne: an ƙera sabon aji mai suna iri ɗaya da tsohon, abubuwan da ka ƙera da tsohon kuma suna nan. Ka tambayi `instance?` ko wannan `Dalibi` ne, ya ce a'a, alhali kana kallon sunan a jikinsa.

A ganina maganin mafi yawan wannan shi ne kada ka yi `import` ɗin ajin da ka ƙera sam. Tun Clojure 1.3 a 2011, duk `defrecord` yana zuwa da fankshin biyu kyauta, `->Dalibi` da `map->Dalibi`. Su fankshin ne na gaske, `require` kaɗai ya isa: `(tsari/->Dalibi "Ladi" 3)`. Babu layin ƙasa, babu jeri, babu ɗigon ƙarshe. Sunan ajin kansa ba ka buƙatar sa sai a wurare ƙalilan, kamar `instance?` ko lokacin da kake nuna wa mai harhaɗawa nau'in abu don a samu sauri. Ko a nan ma, ka rubuta ɗan fankshin `dalibi?` a cikin zauren da ajin yake, sauran fayiloli su kira shi. Abin da ke sa sababbi ba su san wannan ba shi ne tsofaffin darussan da ke yawo a intanet, waɗanda aka rubuta kafin 2011. Su ne dai ke koya wa mutane `use`, umarni na uku da ke kwaso duk sunayen zaure ya zube maka, wanda tun da aka ƙara `:refer` a `require` a 2012 aka rage amfani da shi. Kafin ka bi darasi, duba shekararsa.

Saura matakin da ke ƙasa da duka, wanda shi ne ainihin dakon kaya. Injin Java yana da jerin wuraren da yake duba aji, za ka ga kalmar `classpath` a saƙonnin kuskure, ita ake nufi. Ajujuwan da suka zo tare da Java suna nan tun asali. Na laburaren waje kuwa sai ka ambace su a fayil ɗin aikin: `project.clj` idan da Leiningen kake aiki, manhajar da Phil Hagelberg ya fara a 2009, ko `deps.edn` idan da kayan aikin Clojure na hukuma ne. Su ne ke zuwa Maven Central ko Clojars, rumbunan laburare na intanet, su sauko da laburaren, su ajiye a foldar `.m2`, su saka ta a jerin. Idan ba a yi wannan ba, ka rubuta `import` sau ɗari daidai, amsa ɗaya ce. Abu biyu ke kama sababbi a nan. Na ɗaya, jerin ana gina shi ne lokacin da injin ke tashi, don haka idan ka ƙara laburare a `deps.edn` REPL na kunne, ba zai gan ta ba sai ka kashe ka kunna. Clojure 1.12 na 2024 ya kawo `add-lib` don rage wannan wahalar yayin gwaji. Na biyu, sunan laburare daban, sunan ƙunshin da ke cikinta daban. Guava ta Google ana sauko da ita da sunan `com.google.guava/guava`, amma ajujuwanta suna ƙarƙashin `com.google.common`. Wanda ya yi hasashen sunan ƙunshi daga sunan laburare zai sha mamaki.

Akwai ma lokacin da laifin ba naka ba ne ko kaɗan. Ƙunshin `javax.xml.bind` yana cikin Java shekara da shekaru, laburare da yawa na Clojure suka dogara da wani ajinsa mai suna `DatatypeConverter`. Java 11 ya fito a 2018 aka cire ƙunshin. Sabon shiga ya bi darasin 2015 harafi da harafi a kan sabon Java, ya ga an rasa ajin da bai taɓa jin sunansa ba, a cikin fayil ɗin da ba shi ya rubuta ba. Maganin a nan sabunta laburaren ne, ko ƙara ƙunshin da aka cire a matsayin laburaren waje.

Ga wanda ya taɓa leƙa harshen Haskell, kada kalmar ta ruɗe shi. Abin da ake kira aji a can wani abu ne daban, tsarin da Philip Wadler da Stephen Blott suka gabatar a 1989, jerin ayyuka ne da nau'o'in bayanai ke alƙawarin cikawa. Tuntuɓensa ma daban ne: ka shigo da sunan ajin ka manta `(..)` a bayansa, ayyukan da ke ciki su ƙi biyo shi. Abin da ya fi kama da shi a Clojure shi ne `defprotocol`, kuma wannan da `require` ake zuwa masa.

Da ƙanena ya sake turo wani jan rubutun bayan mako guda, ban ba shi amsa ba, na ce ya rubuta cikakken sunan ajin shi kaɗai a REPL, babu baka babu komai, ya danna. Idan sunan ya dawo masa, ajin yana nan, matsalar laƙabi ce, ya duba ɗigo da fili a `:import` ɗinsa. Idan bai dawo ba, `import` ba shi da abin da zai yi masa: ko dai sunan ne ba daidai ba, ya nemi dala ko layin ƙasa, ko fayil ɗin `defrecord` ne ba a loda ba, ko laburaren ce ba ta iso ba. Minti biyar sai ga saƙo: "Yaya, karan ɗori ne." Ya sa wa foldar suna `kula-dalibai`.